Kafin Wake Ya Nuna

A bakin makarantar jirgi, nan Palladan,
shekara goma sha ɗaya ina dafa garau-garau.
Ƙananan jiragen koyo suna kewaya kaina
kamar zirnaƙon da ya ɓace wa ɗakinsa,
su tashi, su sauka, su sake tashi,
har na daina ɗaga kai.

Ran Laraba, Saratu 'yar Wusasa
ta zauna a bencina da farar rigarsu mai zare a kafaɗa,
cokali a dama, takarda mai zane-zane a hagu.
Na ce, 'yar nan, tsakaninki da Allah,
daga nan zuwa Ikko nawa ne ta sama?

Ta ce, Inna Lantana, sai kin je Kaduna tukuna.
Daga can kilomita ɗari shida ne da 'yan kai,
miƙe kamar zaren da aka ja,
ba kwana, ba rami, ba mai tsayar da kai a shinge.
Awa ɗaya da kwata,
in iska ba ta yi gardama ba.

Awa ɗaya da kwata!
Na juya na dubi tukunyata.
Wakena kan fi haka a kan wuta
ranar da kanwa ta yi kaɗan.

To ni ɗana a Kwangila ya hau,
bisa buhunan albasa, bayan tirela,
da leda ɗaya da takalmin da na ara masa kuɗinsa.
Kwana biyu suna hanya.
Taya ta fashe musu kafin Jebba,
ya kira ni da wayar yaron mota yana dariya.
Damina biyar ke nan.

Ni na sa masa Mantau,
don ya mantar da ni ukun da na binne kafin shi.
Ban ce ya ɗauki sunan ya yi aiki da shi a kaina ba.

Na ce, to nawa ne kuɗin kujera?
Ta faɗa, tana sunkuyar da kai
kamar ita ta yanke farashin.
Na lissafa a yatsu, na koma ta gaɓa-gaɓa,
na mayar da shi kwano-kwano,
na cire itace, na cire mai, na cire bashin direbobi,
sai ga Ikko ta koma inda take,
can bayan watanni.

Ashe nisa iri uku ne:
wanda takardar Saratu ta sani,
wanda aljihu ya sani,
da wanda ban gaya mata ba.

Amma tun ranar na kamu da wata ɗabi'a.
Da na zuba wake a ruwan zafi
sai in ce, yanzu ya tashi.
In ya fara tafasa, yana bisa gajimare, ƙasa ta ɓace masa.
In na ɗebo ƙwaya na matsa ta ba da kai,
to ga fitilun Kaduna.
Sauran mota ce, wannan kuwa shinkafa ta isa ta jira shi.

Kwano ɗaya nakan rufe da faifai, in tura ƙarƙashin benci.
Bayan isha'i Barau mai gadi ya zo ya cinye.
Bai taɓa tambayar na wane ne ba,
yaji kawai yake cewa in ƙara.