Mabuɗin Famfo

Shekara uku ina fada a bakin Kara-Kara,
ni ne mai hura gawayi, ni ne mai zuba shayi.
In rana ta yi sanyi mu ɗaga ƙarfe,
siminti a gwangwani biyu, sanda a tsakiya.
Ƙirjina ya yi faɗi.
Ban da shi, ba abin da ya ƙaru.

Ran wata Asabar sai ga Mushe Kiyari,
tsohon malamin lakwal, kekensa ba birki,
da Madam Cima ta gidan likita.
Suka ce su 'yan ƙungiya ne, sunanta Gammo.
Muka yi dariya har Lawali ya ƙware.
Gammo? Mu da ba mu da kaya?

Ba su yi wa'azi ba.
Tsohon ya sha kofi biyu, ya ce sukari ya yi yawa,
ya ajiye mabuɗi bisa tabarma,
da littafi mai layi-layi, da biro ɗaure da zare.
"Famfon da muka ja wa unguwa na son mai tsaro.
Bido dala biyar. Wa ya iya lissafi?"
Don kar a ce ban iya ba na miƙa hannu.

Kowa ya san ruwan Damagaram,
baƙo ne mai zuwa ƙarfe ukun dare,
ba sallama, ba bankwana.
Na koyi barci da kunne ɗaya.
Na koyi jin tarin bututu kafin ɗigon farko.
Na san wadda ke goyo, wanda babansa ke kwance,
da mai kura da ke son tsallake layi
don mun taɓa cin tuwo ɗaya.

Ƙarshen wata, dala ɗari biyu ba su cika ba.
Na san inda suka tafi.
Lawali ya ce aro, zuwa Juma'a.

A ajin da ƙungiya ke ara ran Lahadi,
kan bencin da gwiwata ba ta shiga,
Falmata, 'yar shekara sha bakwai mai riƙe da alli,
ta karanta lissafin, ta ɗago kai, ta yi shiru.
Na taɓa ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya.
Bakina ranar ya fi shi nauyi.
"Ni na ba da," na ce. "Ba nawa ba ne, na ba da."
Mushe Kiyari bai dube ni ba, yana goge tabarau.
"Rubuta," ya ce. "Abin da aka rubuta, ana biyansa."
Sati uku ina dakon albasa a Kasuwar Dole.

Daga nan aka koya mana jan taro,
yadda ake barin mutum ya kai aya,
yadda ake rubuta wa magajin gari takarda ba zagi a ciki.
Muka yashe lambatu kafin damina.
Lawali na ɗinki a Zango yanzu, har ya biya ni.

Da shekara ta zagayo aka yi zaɓe,
tsakuwa a kwano, kowa da tasa.
Falmata ta fi ni da uku.
Wannan ba a koya mini ba, ko an koya ban ji ba.
Zaren mabuɗin ya yi baƙi da gumin wuyana.
Na cire shi a hankali.
Madam Cima ce kaɗai ta ga hannuna na rawa.

Har yau ƙarfe uku ina farkawa.
In na ji bututu ya yi tari,
sai in leƙa ta katanga:
fitilar Falmata, layin bido har gindin dutse,
da ƙanen Lawali tsugune kusa da ita,
yana ƙirga da yatsu.