Koren Fuska

A ɗakin karatu na Samaru, wata Laraba cikin marka,
na buɗe littafin da gara ta fara ci daga gefe.
Wani Bajamushe, wanda ƙashinsa ya daɗe da zama ƙasa,
ya zana manomin ƙauyensu da fentin ruwa:
fuska koriya kamar ganyen rama,
hannuwa shuɗaye, kowanne ya fi kansa girma.
Matarsa na gefe, jan kallabinta ya zubo,
ya tsallake layi, ya shiga gona.

Na yi dariya. A ina aka taɓa ganin koren mutum?

Sai Kawu Ɗanliti ya faɗo mini a rai,
shekarar da rumbu ya ƙare masara ba ta nuna ba,
ya dawo daga fadama ya jingina da zaure.
Wallahi kore ne.

Ran Asabar na ɗauki takarda da gwangwanin ruwa,
na hau acaɓa zuwa Bomo.
Gwaggo Tabawa na tsinkar yakuwa a bakin murhu.
Ban bi kamanninta ba.
Na bar ruwa ya je inda ya ga dama:
goshi rawaya, wuya shunayya,
yayyafi ma ya sa nasa hannun a kafaɗa.

Ta karɓa, ta nisanta shi da ido, ta juya shi.
"Wannan ai ba ni ba ce, Ilu."
Tukunya ta tafasa, ba ta waiwaya ba.
"To wa ya gaya maka nan ne ke mini ciwo?"