Na Ƙarshen Ayari

Asabar ce. Liman ya sallame,
ban koma shimfiɗa ba.
Na latsa taya da babban yatsa,
na ɗiga wa sarƙa baƙin mai,
Kulu daga ɗaki tana cewa,
"Ga mota a ajiye, Malam,
kai sai ka sayi wahala da kuɗinka."

A gindin darbejiyar Gesse muke haɗuwa.
Mu sha huɗu ne in kowa ya zo,
ba a taɓa yin kowa ya zo ba.
Kakale tela ya riga kowa, kullum.
Labbo na banki da hular kwano mai walƙiya.
Arzika mai siminti da tumbinsa,
ya rantse zai sauke shi kafin Sallah,
bai dai faɗi wace Sallar ba.
Ni likita ya turo. Ya ce sikari ya haura,
ko in motsa ƙafa, ko ya ƙara allura.

Ni ne na ƙarshe, haka aka raba aiki.
Famfo, gam, faci da sifana a jakata,
wanda ya gaji nawa ne,
wanda tayarsa ta sace nawa ne.

Mun bar gari masu shayi na hura wuta.
Gwadangaji, yara suka bi mu da ihu.
Bayan Zauro hanya ta saki jiki,
fadama kwance da shinkafar rani,
balbelu zube a cikinta kamar shanyar wanki,
injin ban-ruwa na tari daga nesa.
Babu mai magana.
Sarƙa goma sha ɗaya, murya ɗaya.
Wannan shirun nake fitowa nema,
ban taɓa gaya wa likita ba.

Sai ƙararrawa a bayana.
Tsoho ne, bisa Rali da ta girmi Labbo,
buhu biyu a kariya, zakara rataye a hannu,
silifas ɗaya ja, ɗaya shuɗi.
Ya wuce ni. Ya wuce Arzika yana haki.
Ya jera da mai giya ashirin da ɗaya:
"Samari, ina zuwa?"
"Yawo ne, Baba."
"Ba kaya, ba biki, ba kasuwa?
Lalle ɗiyan Birni kun ƙoshi."
Ya taka feda, ya bar mu da kukan zakara.

Daf da Ambursa na tarar da shi
tsugune, keken kife, ƙafafu sama.
Ƙaya ce. Na sauka, aikina ne.
Da na zaro robar sai da na yi salati,
faci ya fi roba yawa.
Ya ce sunansa Nomau, ya shiga nuna mini:
"Wanga, shekarar ambaliya.
Wanga, ran da na kai ɗiyata asibiti da dare.
Wanga kuwa jaki ne, kar ka tambaya."
Na goge, na shafa gam, muka jira ya sha iska.
Ya ɓare goro ya miƙo rabi.
"To, yanzu tafiyarku ta yi dalili."

Dawowa rana ta hau ƙeya,
gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure,
Arzika ya sha fura kwano biyu
ya ce ai tumbin ma yana da haƙƙi.

Asabar ta zagayo.
A bakin kwalta, daidai wurin ƙayar,
ga Rali an wanke ta, kariya wayam.
"In ɗanɗana yawon banzan ga naku," in ji shi,
"in da daɗi, in faɗa ma Modi."

Muka tashi mu goma sha biyu.
Shi ne a gaba.
Ni ina inda nake,
ina ƙirga bayan kowa,
famfo na buga mini haƙarƙari.