Motar da Ta Mutu a Takarda

A gwanjon kamfanin inshora na saye ta,
goshi a murɗe, ido ɗaya a fashe,
kaza har ta yi kwanci a kujerar baya.
Tanimu na Panteka ya zagaya ta sau uku,
ya durƙusa, ya shinshina baƙin mai,
ya ce, "Injin bai ma san an yi hatsari ba.
Ba ni wata biyu, da kuɗin fenti."

Wata huɗu ya ci, da awakina biyu.
Ranar da ta yi tari ta tashi,
yaran gareji suka yi ta kiɗa da sifana.
Na ɗoro kiret arba'in na ƙwai daga Mando,
ko ɗaya bai tsage ba har Kasuwar Barci.

Sai ofishin lasin.
Matar bayan gilashi ta danna, ta sake dannawa,
ta zare tabarau: "Malam Hashimu,
motar nan ta mutu shekara uku ke nan."
Na ce, "Hajiya, da ita na zo, ga ta can gindin mangwaro,
ko in yi miki oda ki ji?"
Ta ce, "Ba na jin oda. Takarda nake ji."

Na teburin gaba ya ƙara gishiri:
a rasit ɗina takwas aka rubuta,
a jikin shasi kuwa B ce zaune,
ga kuma koken wani ɗa a fayil
cewa ubansa bai taɓa sallama mota ba.
Harafi ɗaya mai tumbi biyu
ya ɗaure ni mako tara.
Ƙwai suka koma keken haya,
riba ta zama kuɗin mota, ni da ke da mota.

Wani ɗan kamasho ya raɗa mini a bakin ƙofa,
"Dubu sittin, gobe ka ga lamba."
Na juya kuɗin a aljihu har suka jiƙe.
Kayan aro ba ya rufe katara.
Na wuce.

A Narayi na sami gidan, bayan coci.
Baba Yohanna Kure, tsohon ma'aikacin masaƙa,
ƙafar hagu miƙe a kan benci.
Ɗansa Bitrus ya tare ƙofa:
"Abin da suka biya asibiti ta cinye,
yanzu kai ka zo mana da rasit?"
Tsohon ya ce a ba ni kujera.
Bai tambayi kuɗi ba.
Cewa ya yi, "Giya ta biyu, har yanzu tana gardama?"
Na ce tana yi.
Ya yi dariya har ya share ido.

Ya sa aka ɗauko gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado.
Ciki ga takardar sallama, ninki huɗu,
da sa hannunsa a karkace,
wanda ya yi a gadon asibiti
lokacin Bitrus yana bautar ƙasa a Yola.
Yaron ya karanta sau biyu, ya zauna a ƙasa.
Ba motar yake kare ba, ashe.
Ranar yake ƙin yarda ta faru.

Litinin muka yi rantsuwa a kotu, mu uku.
Bitrus ya janye koke da bironsa.
Jami'in duba mota ya shimfiɗa kwali, ya kwanta,
ya goga fensir a kan farar takarda
har B ta fito fili kamar tsagar gado.
Hajiya ta danna sau ɗaya tak.
Ba ta ce komai ba, sai dai da zan fita
ta ce, "To, yi odar mu ji."

Yanzu duk Asabar ina ajiye kiret ɗaya a Narayi.
Baba kan shiga gaba, sanda tsakanin gwiwa,
mu zagaya ta Barnawa mu dawo.
In na taka kuloci, shi ke sa giya ta biyu.
A hannunsa ba ta gardama.