Talatin da Ɗaya

A Omsk, ƙanƙara ta toshe taga.
Timofei ya shimfiɗa koren bargo kan tebur.
Tankokinsa ba su kai ɗan yatsa ba:
goma, goma, goma, kamfani uku,
na kwamanda ya cike bataliya.
Motocin sulke na biye da dakarun dalma,
'yan igwa sun laɓe bayan kofin shayi.

Rufat ya jefa ƙwaya. Shida.
"Kamfaninka na biyu ya ƙone."
Timofei ya kwashe su,
ya zuba a gwangwanin alewa.
Gobe za su fito, ko ƙwarzane babu.

A bango, ƙaninsa Yegor,
hular tanka ta yi masa yawa.
Shi kam ba gwangwanin da ya maido shi.

Shayi ya huce.
"Sake jefawa," in ji Timofei.