Minti Biyu a Gaɓar Lanka

Ƙarfe tara saura kwata aka ce mu yi shiru,
duk shekara, in Afrilu ya doshi ƙarewa.
Ƙararrawa ta kaɗa, motoci suka mutu a titi,
mai saran kwakwa ya aje addarsa.
Hankaki ne kaɗai ba su ji sanarwa ba.

Ni Premasiri, mai kwalekwalen su,
ina sahu na uku a harabar coci
da farar rigar da na goge da kaina,
kwalarta ta ƙi kwanciya.

Manya sun zo da baƙaƙen motoci
da furen da ya fi ƙofar ɗakina faɗi.
Sun ce ba za a manta ba.
Wanda ya faɗa ɗin ma na gan shi
yana satar kallon agogo.

Kwamiti ya shekara yana gardama
kan ramukan da ƙarfe ya bari a bango:
wasu su ce a shafe, ido ya huta,
wasu su ce a sa gilashi, jikoki su gani.
Ba wanda ya tambayi bangon.

Sunan Dilrukshi na layi na bakwai a kan dutse.
Mai sassaƙa ya tsallake harafi ɗaya.
Sau uku na kai ƙara, aka ce sai baɗi.
Yanzu na bari.
Wannan harafin nawa ne,
ni ke zuwa da shi a baki, in koma da shi gida.

Can bakin ƙofa Fawzul mai ƙanƙara yake tsayawa,
hularsa a ka, idonsa a ƙasa.
Bai taɓa shigowa ba, bai taɓa fashi ba.
Gobe da asuba zai aiko mini buhu biyu,
ya ce kuɗin sai na samu.

Minti biyu sun cika. Wani ya yi tari.
Aka hau tattara kujerun haya.

Nawa shirun ba shi da ranar kalanda.
Wata Talata ce kawai, na dawo daga teku,
gishiri a gira, kifi a kwando,
in tura ƙyaure in ce, "Ɗora tukunya,"
sai in ga takalminta ƙafa ɗaya
cikin ledar 'yan sanda mai lamba,
a inda na aje shi, bayan gwangwanin shayi.