Fenti Bai Bushe Ba

Ƙarfe ɗaya na dare a Puno.
Sanyi ya biyo ta ƙasan ƙofa ya zauna mini a yatsu,
shayi ya huce a kofi,
shafi na goma sha bakwai ya zuba mini ido
da gidajensa uku:
ya cika, ya kusa, bai cika ba.

Kwana uku muka yi a kwalejin jinya ta bakin tafki,
ni da Nemesio Ticona mai bin diddigin kuɗi
da Dakta Ubaldina, wadda ba ta dariya sai ta ci abinci.
An tarbe mu da furanni da romon kifi.
Na jingina da bangon farfajiya,
kwat ɗina ta kwaso shuɗin fenti.
Ran tafiya aka fafe goran, na ce a zuci,
amma alƙalami bai ji ba tukuna.

A ɗakin karatu na zaro littafin ƙashi da jijiya,
na juya bangon baya,
sai ga hatimin wata makaranta ta Juliaca.
Na biyu haka. Na biyar haka.
Zanen aro ne, katara a waje.
Fortunata mai kula da ɗakin ta ga na gani.
Ta gyara zaman tabarau,
ni kuma na mayar da littafin gurbinsa
a hankali, kamar mai kwantar da jariri.

Washegari na shiga aji ba sanarwa.
Malama Hilaria Coaquira ta raba lemo ashirin da shida,
kowa da nasa, kowa da allura,
don mutum-mutumin gwaji ɗaya ne, shi ma hannunsa guda.
Ta ce: kafin ka soka, tambayi sunan mai hannun.
Ta sa su maimaita da Aimara:
Iya, ina ne ke miki ciwo?
har muryarsu ta yi laushi.
Wilber, na layin baya, tun ƙarfe huɗu yake cikin kwale-kwale,
ƙafar wandonsa ba ta bushe ba,
amma hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan.
Na duba takardata sama da ƙasa,
babu gidan da aka tanada wa wannan.

Ƙa'ida ta ce kowace kalma sai da shaida,
kada ka rubuta zato, kada ka rubuta tausayi.
In na ce ya cika,
wata rana wani zai kama hannun mahaifiyata
yana laluben jijiyar da bai taɓa gani a littafi ba.
In na ce bai cika ba,
ina jin ƙarar kwaɗo a ƙofar yara ɗari biyu.

Kuma wa ya aike ni?
A Arequipa, ɗakin gwajinmu yana yoyo,
bokiti uku muke jerawa in an yi ruwa.
Watan Agusta wasu za su zo da irin wannan takarda,
mu ma an riga an yi odar fenti.
Laifi tudu ne, ga ni tsaye a kan nawa
ina auna tsayin na wasu.

Ƙarfe biyu da rabi na sa alama: bai cika ba.
A ƙasa na jera littattafai talatin da ɗaya da suna da farashi,
na nemi a ba su wata goma sha takwas,
na rubuta abin da hatimi ya faɗa
ban rubuta sunan Fortunata ba.
Sannan na ƙara sakin layi a kan lemon Hilaria,
layi tara, wanda ba a tambaye ni ba.
Da safe Ubaldina za ta ce a cire,
Nemesio zai kalli agogo.
Zan jira sai ta karya kumallo.

Kwat ɗin na rataye a bayan ƙofa.
Na gwada sabulu, na gwada ruwan zafi,
shuɗin ya ƙi fita.
Da ita zan shiga mota.